Gaisuwar da Ta Hana Jirgin Yola Tashi

Wahala ce kawai. Shekara tara na yi ina jan bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin jirgin sama, kuma in ka tambaye ni me na tsira da shi, ciwon baya ne da sunan banza a unguwa. Sunan banzan shi ne wai ina aiki a jirgi. Ban taɓa zama a cikin jirgi yana tafiya ba. Sau biyu na hau matattakalarsa, duk yana ƙasa, na miƙa jakar da wani ya manta na sauko. Amma a Gyadi-Gyadi, daga layinmu har bakin titi, in jirgi ya gifta sai wani ya ɗaga kai ya ce min, "Ga mutanenka can."

Ni ɗan tasha ne. Yaron mota na fara, na zama direba, na ci hanyar Gombe da Yola har na san raminta ɗaya bayan ɗaya. Karatuna aji huɗu ne na firamare sai allo. Da gwiwa ta fara ƙorafi na nemi aikin cikin gari, aka haɗa ni da kamfanin nan. Aikin ba shi da wani sirri. Suna da gidan sauke ma'aikata a Tarauni, can bayan kasuwa. In ɗauko matuƙa da 'yan matan da ke raba ruwa a cikin jirgi daga filin jirgi in kai su gidan su huta, in lokaci ya yi in mai da su.

Farkon zuwana bas ɗin cika take yi, har a yi musu a kan wurin zama. Sai aka fara raguwa. Matuƙi zai shigo da manyan akwatuna maimakon 'yar jakarsa ta kullum, ya ba ni hannu a bakin filin jirgi ya ce in yi masa addu'a, shi ke nan ba zan ƙara ganinsa ba. Larabawa suka kwashi wasu, wasu suka koma manyan kamfanoni a Legas. Yaran da kamfani ya horar, da fiffikensu ya yi ƙwari sai su tashi. Injiniyoyin da ke duba jirgi su ma suka bi. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ajiye doki bai ba shi dusa ba, ranar da ya tsinke igiya kada ya zagi dokin.

Sakkwato aka fara yankewa. Sai Maiduguri. Yola da ake zuwa kullum ta koma sau uku a mako, ta koma biyu, ta koma Alhamis kaɗai. Babban jirgin aka ja shi gefe aka toshe masa inji da jan ƙyalle, har tsuntsaye suka mai da shi gida, aka bar mu da ƙaramin mai farfela. Duk wannan ba a taɓa fitowa an ce wa mutane ba mu da direba ba. A tasha in babu direba sai kamasho ya ce babu direba, kowa ya kama gabansa. Su kuwa sai wata murya mai zaƙi ta fito ta lasifika ta ce an ɗage tafiya "saboda wasu dalilai na aiki". Ni da nake jan bas mai kujera goma sha huɗu da mutum huɗu a ciki, na san dalilan.

Manajanmu na Kano wani yaro ne mai ɗaure wuya da laktaye a cikin zafin bazara. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce i ko a'a ba. In ka ce masa taya ta suɗe, "Za mu duba." In ka ce masa gini na cin wuta, ina jin haka zai ce.

Kyaftin ɗin da ya rage mana a wannan layi dattijo ne, Bafulatani mai farin gemu. Ya riga ya ce zai ajiye aiki, aka yi ta roƙonsa ya tsaya. Shi kaɗai ne yake zama a gaba kusa da ni. Ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwa. Yakan ce min, "Malam, ni da kai sana'armu ɗaya, ni dai ba na haɗuwa da 'yan sanda a hanya." Na ɗauki maganar nan da nauyin da ba ta da shi.

Yanzu maganar Yaya. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau ba ta kirana da komai sai Auta, da furfurata da komai. A Yola take aure. Santsi ya ɗauke ta a tsakar gida ƙugunta ya karye, aka kawo ta Kano aka yi mata aiki. Da za a sallame ta likita ya ce da bakinsa, kuma ya rubuta a takarda: kada ta yi doguwar tafiyar mota sai ƙashin ya kama, in dole ne ta koma gida to ta hau jirgi, awa guda ce.

Ta sauka a gidana. Ɗaki biyu ne, bayin kuma na tsuguno ne. Mai ɗakina ce take riƙe ta, wani lokacin sai an kira maƙwabciya ta kama. Yaya mace ce da ko tari ba ta son yi a gaban suruka. Kwana kaɗan na lura tana mai da kwano kamar yadda aka kawo shi. Ruwa ma sai ta jiƙa leɓe ta ajiye. Na ce ko abincin ne bai yi mata ba. Mai ɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Ba abincin ba ne. Ba ta son a riƙa ɗaga ta ne." A can gidanta ɗanta ya riga ya sa an gyara mata bayi na zama, ga 'ya'yanta mata. A nan kuwa tana ramewa a gabana kullum.

Ɗan nata ya yankar mata tikiti. Alhamis ta farko aka ɗage. Ta biyu aka ɗage. Aka tara mutanen mako uku a kan jirgi ɗaya ƙarami, sannan aka manna takarda a kantar sayar da tikiti cewa daga wannan Alhamis ɗin an dakatar da zuwa Yola daga Kano sai abin da hali ya yi. Wanda ya samu kujera ya tafi, wanda bai samu ba ya bi ta Abuja ya yini a kan benci yana jiran wani jirgin, in ma ya samu. Matar da ba ta iya zaman minti talatin a kan benci.

Ranar Laraba na ɗauki takardar likita na shiga ofishin manaja. Na cire hula ma, don wauta. Na yi masa bayani tun daga santsin. Ya karɓi takardar da yatsa biyu, idonsa a kan waya.

"Za mu duba, Baba."

"Ranka ya daɗe, gobe ne fa. Tana ciki ko ba ta ciki?"

"Na ce za mu duba."

Na fito. A hanya na yi lissafina irin na tasha. A tasha kujerar gaba ta direba ce. Shugaban tasha ba shi da iko da ita, kamasho ba ya rubuta ta. Mota ta cika maƙil, in surukin direba ya zo, gaba zai shiga. Kuma na sha gani da idona injiniya ya bi matuƙa ya shige ɗakinsu na gaba ba tikiti a hannunsa, na ji suna cewa akwai wata 'yar kujera a can da ake ninkewa. To ta wace ce in ba ta kyaftin ba? Na ce me ya kai ni wurin yaro mai laktaye ga mai motar da kansa.

Za ka ce me ya hana in gaya masa a cikin bas. Babbar buƙata ba a yin ta a kan titi, ga mataimakinsa a baya, ga 'yan mata suna ji. Gida ake bin mutum, kuma ba a zuwa hannu na dukan cinya, da babba ake tafiya. Haka na tashi na ga ana yi.

Na san da dokar hutu, kada in yi ƙarya. Ranar Alhamis kyaftin yakan taso daga Legas tun da asuba, ya sauka Kano da hantsi, in kai shi Tarauni ya kwanta, sai bayan la'asar ya tashi zuwa Yola. An gaya mana tun ranar da aka ɗauke mu aiki cewa tsakanin nan ba a tashinsa, har allo aka kafa a ƙofar gidan. Ni dai na ɗauke ta irin dokar 'yan boko, ta ragwanci. Mutumin da ya yi Kano zuwa Yola ya juyo da goro biyu da shayi, za ka ce masa wani ba ya iya tuƙin awa guda sai ya yi barcin rana kamar jariri?

Ranar Alhamis ɗin bayan sallar asuba na tsayar da limamin masallacinmu. Tsoho ne, kowa na jin nauyinsa. Ya ce, "Wannan ai taimako ne, mu je." Na ɗauko kyaftin da mutanensa da hantsi na ajiye su a Tarauni, na juyo Gyadi-Gyadi in ɗauki Liman. Sai na tarar da shi da wani surukinsa, Alhaji ne mai sayar da atamfa, da babbar riga da ƙunshin leda a hammata. Shi ma ashe yana cikin fasinjojin Yola da aka tara.

"Ai tafiya ɗaya ce," in ji Liman. "In an roƙa wa ɗaya an roƙa wa biyu."

Ta yaya zan ce wa surukin Liman ya sauka? Muka kama hanya. Tun kafin mu fita layi Alhaji ya ɗora waya a kunne. "Kai, bar zaman filin jirgin nan, wahalar banza ce. Mu ga mu nan za mu gidan direban jirgin da kansa. I, da kansa. Bayan kasuwar Tarauni, gida mai koren ƙyaure." Na kalle shi ta madubi. Ya ɗaga min hannu wai kada in damu, ɗan'uwa ne.

Maigadi ya leƙo ta 'yar taga ya ga bas, ya buɗe, sannan ya ga waɗanda ke ciki.

"Haba Malam, kai ma ka san doka. Yanzu ya kwanta."

"Liman za ka tsayar a rana?"

Ya kalli rawanin, ya kalli allon, ya matsa gefe. Ni na ƙwanƙwasa ƙofar. Sai da na yi sau uku. Kyaftin ya fito da jallabiya, idonsa ja, shatin matashi a kumatunsa. Ya buɗe baki zai yi min magana sai ya hango Liman a bayana. Nan take ya rusuna. Mutumin da ke ɗaga jirgi sama ya durƙusa a kan siminti yana cewa, "Allah gafarta Malam, da kanka? Ai da aikowa ka yi." Ya sa maigadi ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro.

Gaisuwa kaɗai ta ci abin da ta ci. Ina gajiya, ina iyali, ina aka ji da jama'a, ya mutanen Legas. Liman ya gano ya san wani malami a garin su kyaftin, aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasu wa ke raye. Aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Sannan Liman ya gyara zama ya kawo maganar Yaya, ya tsara ta da kyau, ya fi ni iyawa nesa. Ya rufe da cewa, "To shi ne muka ce ko kujerar nan taka ta gaba, a taimaka wa baiwar Allah."

Kyaftin ya dube ni. Ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba, da ma ta rainin ce da ta fi min sauƙi.

"Malam, wace kujera?"

"Ta gaba, ranka ya daɗe. Wadda ake ninkewa."

"Wannan ko matata ba ni da ikon sa ta a kai. Ta masu duba aikinmu ce da injiniyoyi, su ma sai da takarda. Kuma faɗinta bai fi faranti ba, mai karaya ba za ta zauna a kai ba. Ni sunayen fasinja ma ba na gani, adadi kawai ake kawo min. Maganar kujera tana hannun manaja."

Da a nan muka tashi, da wataƙila an tsira. Amma Alhaji ya kwance ledarsa ya fito da shadda da kwalbar turare ya ajiye a gaban kyaftin, ya fara nasa bayanin kamar bai ji abin da aka faɗa yanzu ba. Yana tsakiyar yi aka yi hon a waje. Mota ɗaya, sai ta biyu, sai adaidaita. Maigadi da ya riga ya bar Liman ya shiga, da wane baki zai hana wani? Wata Hajiya ta shigo da kilishi a takarda, tana da biki a Jimeta ranar Asabar, ita ce uwar ango. Wani mai tabarau ya ce shari'a gare shi da safe. Wani ya zo da kawunsa da ya tsufa har ba ya ji, don dai kawai a ga furfura. Kowa sai ya gaisa tun daga farko. Kowa sai an maimaita masa cewa kyaftin ba shi da kujera, ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, amma dai a duba."

Na zauna a gefen tabarma ina kallonsu. Manyan mutane, masu shaguna da digiri, kowa ya zo ya sayi kujerar wani da turare. Ba wanda ya tambayi wa za a sauke in an ɗora shi. Ni na kawo su, kuma abin da ya kawo ni ke nan, don haka ban da bakin magana.

Kyaftin ya duba agogo sau ɗaya. Ya dube ni sau biyu. Bai ce a tashi ba. Ba zai iya ba, ba a haife shi a gidan da ake cewa baƙo ya tashi ba, balle mai rawani. Mataimakinsa, wani yaro ɗan kudu, ya fito daga ɗakinsa da gajeren wando ya tsaya a baranda ya yi masa magana da Turanci. Ban ji duka ba, amma na ga yana nuna agogo. Kyaftin ya ɗaga masa hannu kawai. Alhaji ya ce, "Wannan yaron motar ne? Ba shi da gaisuwa."

Aka kira azahar. Ga Liman a wuri, sai aka yi jam'i a nan. Ana sallamewa sai ga kuloli, Hajiya ta aika gida an kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, wai kyaftin ya sa albarka. Ya ci loma uku. Sai wajen biyu da rabi aka watse, kowa yana fita yana cewa Allah ya sa a dace, kamar an yi wani abu.

Na mai da Liman gida. Yaya ta riga ta shirya tun hantsi, ta yi wanka ta sa lallausan mayafinta, ranar ma har ta sha kunu rabin kofi don murna. Wani maƙwabci mai mota ya ɗauke ta da mai ɗakina zuwa filin jirgi, don na ce su je su zauna ko Allah zai sa. Ni kuma na koma Tarauni ƙarfe uku da rabi in ɗauki ma'aikata.

Na tarar da kyaftin a kan kujerar roba a baranda, da jallabiyar nan dai. Shaddar da turaren da kilishin suna gefe a tare, ya ce wa maigadi ya san yadda zai mai da wa kowa nasa.

"Malam, kashe motar. Ba inda za mu."

Na ce, "Lafiya, ranka ya daɗe?"

"Tun kafin asuba nake tsaye. Jiya sau huɗu na tashi na sauka. Doka ta yarda in yi tafiyar yamma ne kawai in na yi barci a tsakani, kuma ban yi ba. Na koma na kwanta bayan tafiyarku, ido ya ƙi. Na buga musu waya na faɗa."

"Awa guda ce fa. Ni da nake..."

"Kai in barci ya ɗauke ka sai ka gangara gefen titi ka ja birki. Ni ina zan gangara?"

Can na ce, "To ba wani da zai karɓe ka?"

"Kai kake ɗauko mu, Malam. Wa ka gani?"

Bai ɗaga murya ba, bai ce ni na jawo ba. Ya tambaye ni jikin Yaya ma. Na ja bas ba kowa a ciki na tafi filin jirgi.

Na isa ana cikin sanarwa. Muryar nan mai zaƙi, dalilai na aiki, kamfani yana ba da haƙuri. Wuri ya kaure. Wanda ya fi kowa ɗaga murya Alhaji mai atamfa ne, yana dukan kantar tikiti yana cewa wannan wulaƙanci ne, matuƙan yanzu ba su da tsoron Allah, ya ga mutumin da idonsa ɗazu garau yana cin tuwo. Hajiya uwar ango tana taya shi.

Na ratsa ta gefe wurin yarinyar da ke kan kwamfuta, ta san ni. Na ce ko akwai wata dabara a kan mara lafiyar nan. Ta dube ni da mamaki.

"Baba, ai Hajiyarku ce ta farko a takarda. Tun jiya da yamma manaja ya sa hannu saboda takardar likita. Har keken da za a kai ta bakin jirgi an tanada. Bai gaya maka ba?"

Na same shi a bayan ofis ya ɓuya wa jama'a, yana shan ruwan leda.

"Tun jiya ka sa ta?"

"An sa ta."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba a tabbatar wa fasinja kujera sai ranar tafiya, Baba. Tsarin kamfani ne." Ya gyara laktaye. "Kuma akwai maganar baƙin da aka kai masauki. Maigadi ya yi bayani. Za mu duba."

Kalma ɗaya ce a bakinsa jiya, i, da ya furta ta da ban taka Tarauni da kowa ba. Ya riƙe ta kamar gadon ubansa. Kamfani guda, da ofisoshi da tambari da jirage, sun jingina gari guda a kan barcin rana na tsoho ɗaya, suka sa maigadi da allon katako su tsare shi. Ban ce na fita daga laifi ba. Ni na ƙwanƙwasa ƙofar, sau uku. Amma in igiya ta kai siririn da hannu ɗaya zai tsinke ta, a tambayi wanda ya bari ta suɗe.

Yaya tana kan keken asibiti a gefen ƙofa, jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

"Auta, an fasa ko?"

"An fasa, Yaya."

"Sai yaushe?"

"Babu yaushe. Na yau ne na ƙarshe."

Muka ɗaga ta ni da mai ɗakina muka sa a bas, ta kwanta a doguwar kujera. Sai da muka wuce cunkoson cikin gari na gaya mata komai, ina kallon titi. Liman, Alhaji, kujerar gaba, sunanta da ke kan takarda tun jiya. Mai ɗakina ta ce innalillahi. Muka shigo Gyadi-Gyadi. Da na tsaya a ƙofar gida Yaya ta ce, "Wa ya aike ka?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Gobe ka kai ni gida."

"Yaya, likita ya ce..."

"Likita ba shi ake ɗagawa a bayi ba."

Aka kawo mata tuwo da magariba ta ture. Ruwa ma ta ƙi. Na buga wa ɗanta waya, ya ce a ƙara haƙuri a nemi ta Abuja. Ta karɓi wayar ta ce masa in yana son ya same ta da rai ya bar maganar Abuja. Na dubi hannunta da ke riƙe da wayar, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Hanyar na iya ɓata aikin da aka yi mata, na sani. Zaman kuma na ga abin da yake yi.

Washegari da na fito daga masallaci ban tsaya gaisawa da Liman ba. Na kai bas Tarauni na miƙa wa maigadi makulli, na ce in manaja ya tambaya a ce masa ya duba. Na hau adaidaita zuwa Darmanawa wurin wani tsohon abokina mai mota doguwar baya, na ce ina son ta kwana uku, ya miƙo makulli bai tambayi dalili ba sai da na faɗa. Muka kwance kujerun baya ni da shi. Na ɗauko katifarmu na sa mai yankan soso a bakin titi ya rage mata faɗi, na shimfiɗa, na tokare gefe da gefe da matasai da buhun tsumma don kada ƙugun ya motsa. Muka kwantar da ita, mai ɗakina ta zauna a gefen kanta da butar ruwa. Na rage wa tayoyi iska kaɗan don su sha rami. Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muka fita ta Hotoro muka kama hanyar Wudil, ina tafiya a gefen dama, manyan motoci suna yi min hon suna wucewa.